Ranar Da Sharhabilu Ya Tuna Yana Da Ɗiya

"Makaɗi!"

Goggo Baturiya ta maimaita kalmar karo na uku, ta tofar da tuƙar goro gefen murhu kamar kalmar ce ta ɓata mata baki.

"Duk mazan da ke Bakura, duk mazan da ke Mafara, ki rasa wanda za ki kawo muna sai mai jan fatar akuya? Raliya, ke ko kunyar kabarin ubanki ba ki ji?"

Raliya ba ta ɗago daga keken ɗinki ba. Ta ci gaba da taka shi a hankali, don ta san ƙarar da Amira ke iya jurewa da wadda ba ta iyawa.

Amira na zaune a inuwar rumbu, tana jera murafen kwalba. Ja wajen ja, kore wajen kore. Shekararta bakwai, fara, siririya, mai dogon gashin ido irin na ubanta. Abin da ta gada wajensa ke nan, ba ƙari.

"Da ke nike magana!"

"Ina jin ki, Goggo."

"To ki ji da kyau. Uban wagga yarinya na nan tahe yanzu. Baffanki ya ce ki sa tuhwahin kirki, ki kuma wanke mata ƙahwa."

Keken ya tsaya.

Uban yarinya. Raliya ta juya kalmar a ranta.

Shekara huɗu ke nan da suka kai Amira asibiti a Gusau, ita da mijinta Sharhabilu, saboda ta cika uku ba ta ce ko "Inna" ba. Likitar ta daɗe tana duba ta, sannan ta ce sunan lalurar galahanga. Ta ce ba hauka ba ce, ba aljanu ba ne. Yarinyar tana ji, tana gani, tana fahimta, sai dai ƙara na yi mata yawa, taɓi na yi mata yawa, magana kuma na yi mata wuyar fita. Ta ce a yi haƙuri da ita, a nemo ƙofar da take buɗewa.

A hanyar komawa Sharhabilu ya yi ta tuƙi har suka wuce Maru. Nan ya rage gudu, ya dubi madubi, ya ce, "A zuri'armu dai babu irin wanga abu."

Kwana tara bayan nan ya aiko direbansa da takardar saki.

Tun daga ranar, ko a sallah bai taɓa tako Bakura ba. Daga shagonsa na taki da shinkafa a Talata Mafara zuwa ƙofar gidan nan ba tafiya ba ce mai nisa. Amma sai yau hanya ta buɗe masa, yau da labari ya kai kasuwa cewa tsohuwar matarsa za ta auri Malami mai gyaran kalangu.

"Ƙahwarta ƙalau take," in ji Raliya. "In bai gane ta ba, ba datti ya hana shi ba."

* * *

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida, ta yi hon sau uku. Amira ta saki murafenta ta toshe kunnuwa.

Baffa Hayatu, ƙanen mahaifin Raliya kuma waliyyinta, ya sa an shimfiɗa darduma a zaure, wadda ba a fito da ita sai ranar ɗaurin aure. An kawo fura da nono a kwanon sha sabo.

Malami kuwa tun hantsi yake waje. Shi ma Baffa ne ya kira shi daga Maradun, amma ko tabarma ba a miƙa masa ba. Raliya ta hango shi ta kafar ƙyaure, zaune kan mashin ɗinsa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, buhun da ya naɗe 'yar gangarsa ɗaure a baya. Ya sa farar rigarsa guda ɗaya mai kyau, ruwan jiya ya fantsama mata laka har gwiwa.

Kallonsa kawai ya sa ta tuna ranar farko.

Talatar kasuwar Mafara ce, bara. Ta je sayen zare, wani mai tallar magani ya kunna lasifika a bayansu. Amira ta fizge hannunta ta ɓace cikin mutane. Raliya ta zaga layin 'yan tumatir da na 'yan takalma tana kuka, sai can ta same ta ƙarƙashin bencin wani mai gyaran ganguna. Mutumin bai jawo ta ba, bai ma leƙa ta ba. Ya dai naɗe wata 'yar ganga da tsumma don ta rage amo, yana taɓa ta da yatsa biyu. Ya buga biyu, ya jira. Ya sake buga biyu, ya jira.

A karo na biyar, daga ƙarƙashin bencin, Amira ta daki katako sau biyu.

Raliya ba ta taɓa ganin 'yarta ta amsa wa wani mahaluki ba sai ranar.

Daga nan ya riƙa zuwa Bakura duk Alhamis, su zauna a ƙofar gida gaban idon kowa. Ya yi wa wankin hannu waƙa. Ya yi wa sa takalmi waƙa. Ya yi wa cin abinci tata, ya koya wa Raliya su duka, ya ce murya ta fi ganga, muryar uwa kuma ta fi tasa. Abin da in an faɗa wa Amira da magana sai ta juya baya, in an rera mata sai ta miƙe ta yi. Wata na biyar, suna waƙar kiran sunaye, Malami ya rera, "Wa ta dafa tuwo?" ya yi shiru ya bar mata gurbi. Amira na kallon bango, ta cike gurbin da wata 'yar murya mai rawa.

"In-na."

Ba ta warke ba, Malami ma bai taɓa cewa za ta warke ba. Har gobe ba ta son a taɓa ta ba zato, har gobe ba ta kallon idon mutum. Amma yanzu tana da kalmomi goma sha ɗaya, Raliya ta san su kamar yadda ta san yatsunta.

"Raliya! Ki shigo da ita!"

Muryar Baffa ce.

* * *

Turaren Sharhabilu ya riga sallamarsa cika zauren. Ya yi ƙiba. Shadda sai ɗaukar ido take, wayoyi biyu jere a gabansa, mukullin mota a saman su don kada wani ya manta da me ya zo.

Ya gaida Baffa, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya tambayi ciwon ƙafar Goggo, ya tambayi farashin gero. Raliya na durƙushe tana jiran ya iso kan 'yar da ke tsaye jikin bango tana kaɗa yatsu. Bai iso ba.

"To Baffa," ya gyara zama, "ni ba dogon zance ya kawo ni ba. Abu biyu ne. Ko Raliya ta koma ɗakinta, a sake ɗaura aure, in rufa mata asiri. Ko ta auri wanda ta ga dama, ni kuma in ɗauki ɗiyata. Jinina ba shi tashi gidan maroƙa, ana bin mahauta da kalangu ana amsar tsoka."

"Madalla," in ji Goggo daga bakin ƙofa. "Ɗan halak ke nan."

Baffa ya shafa gemu. "Kin ji, Raliya. Mutum ya zo da mutunci."

"Na ji, Baffa. Ina da tambaya, in an ba ni dama."

"Yi."

Ta ɗago, karo na farko ta dubi tsohon mijinta ido cikin ido.

"Shekarunta nawa?"

Sharhabilu ya ɗan yi murmushi. "Wace irin tambaya ce wagga? Shida… ko biyar da wani abu."

"Bakwai. Mi take ci da sahe?"

"Abin da yara ke ci."

"Kunun tsamiya, a koren kofi. In kofin ya sake ba ta sha. In tana jin fitsari mi take yi? In ta ji tsoro ina take ɓuya? Wace kalma ta fara hwaɗi?"

"Tana magana ne?" Ya tambaya kafin ya kama bakinsa.

Raliya ta yi masa wani kallo tun daga hularsa har zuwa safarsa.

"Ka gani, Baffa? Wanga shi ne ya zo ɗaukar ɗiyatai."

"Ke, kama bakinki," Baffa ya tsawatar, amma muryarsa ba ta yi ƙarfi ba.

Fuskar Sharhabilu ta haɗe. "Ba sai na san kalar kofi ba. Na riga na yi magana da wani mai magani can bayan Birnin Tudu. Irin waɗanga yara wata uku suke yi wajenshi, hayaƙi da rubutu, in sunka yi gardama a ɗaure su har iskan ya hita. Da tun farko can anka kai ta, da ba a kai ga ganga ba."

A ɗaure su. Raliya ta juya ta dubi Amira.

"Zo nan, ke." Ya miƙa hannu yana kaɗa mukulli. "Zo ga Babanki."

Amira ba ta motsa ba.

"Kada ka taɓa ta," in ji Raliya. "Don Allah, ba a cahe ta haka nan."

"A koya mani yadda zan taɓa ɗiyata?"

Ya miƙe ya damƙi damtsen yarinyar.

Ihun da Amira ta yi ya sa kajin tsakar gida watsewa. Ta fizge, ta faɗi, ta shiga buga ƙeyarta da bango. Raliya ta yi tsalle ta sa tafin hannunta tsakanin kan da bangon, kowane bugu na sauka a kan yatsunta. Ta fara rera waƙar zama, amma kuka ya shaƙe mata murya, ga Goggo na salati da ƙarfi, ga wayar Sharhabilu ta ɗauki ruri.

"Salamu alaikum." Muryar Malami ce daga waje, a natse. "Baffa, a yi mani izini."

"Ba a shigo mani da ganga gida!" Baffa ya daka tsawa. "Gidan nan ana karatun Alƙur'ani cikinai!"

"Ba ni shigowa, Baffa. Ganga ma tana kan mashin. A dai kashe wayar can, kowa ya yi shiru."

Ko shi Baffa bai san lokacin da ya yi wa Sharhabilu nuni da hannu ba. Wayar ta mutu.

Sai aka ji ƙwanƙwasa a jikin ƙyauren, da gaɓar yatsa, a hankali kamar ɗigar ruwa daga indararo. Biyu, shiru. Biyu, shiru. Ba sauri, ba ƙari. Can ƙasa-ƙasa muryarsa ta biyo baya.

"Amira ta gaji, Amira ta zauna. Ƙasa ta yi sanyi, Amira ta zauna."

Bugun kan ya ragu. Ihun ya koma gunji. Raliya ta samu muryarta ta kama masa, suna rerawa tare, shi a waje ita a ciki, ƙyaure a tsakaninsu.

Biyu, shiru.

Ɗan hannun Amira ya sauka kan darduma. Ta daka sau biyu.

"Amira ta gaji," Malami ya rera, "Amira ta…"

Ya bar gurbin.

"Zau-na," in ji Amira. Ta zauna, tana shessheƙa, ta jingina bayanta da gwiwar uwarta.

Baffa Hayatu ya zuba wa yarinyar ido. Shekara huɗu yarinyar na gidansa, bai taɓa tsayawa kusa ya ji wannan ba, don duk Alhamis da ya hango mashin ɗin Malami sai ya zagaya ta bayan gida.

Raliya ta dubi Sharhabilu. Yau ne karo na farko a duniya da ya ji kalma daga bakin 'yarsa. Duk da abin da ya yi mata, wani ɓangare na zuciyarta ya tsaya yana jira, ko idonsa zai kawo ruwa.

Ya kakkaɓe hannun rigarsa inda yarinyar ta taɓa.

"Kun gani ko? Sun riga sun maishe ta zabiya."

Abin da ya rage masa na daraja a idon Raliya, ɗan kaɗan ɗin da take ajiye masa albarkacin Amira, nan ya ƙare. Ba ta ma ji haushi ba. Kallonsa take kamar yadda ake kallon abin da kaza ta bari a bakin ƙofa.

Baffa ya yi gyaran murya. "A bar maganar haka yau. Raliya, kai ta ciki ta kwanta. Sannan ki hita ki sallami wancan, ya kama hanya tun da rana. Jumma'a in na yi shawara zan yanke."

* * *

Sai da Amira ta yi barci a ɗakin Goggo, inda ya fi sanyi, sannan Raliya ta ja mayafi ta fita. Sharhabilu na zaure yana shan furarsa. Ta wuce shi kamar ba kowa.

Malami ya ja mashin ɗinsa zuwa bayan masallacin unguwa, inda ba za a ce sun tsaya a idon baƙo ba.

"Hannunki," ya ce.

Ta duba. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura, ɗaya ya fashe.

"Ba komi."

Ya daɗe yana murza igiyar buhun gangarsa. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Raliya, na ji duk abin da anka hwaɗi. Ni na saba. Tun ina yaro in munka je biki da Babana, bayan ƙofa ake aje muna abinci. A yi rawa da kiɗanmu, a hana mu tabarma. Bai dame ni ba. Amma ban iya zama dalilin da za a ɗaure yarinyar nan da igiya."

"Mi kake nuhi?"

"In na janye, ba shi da hujja. Ki zauna gidan Baffa, ba ni ba shi. Waƙoƙin duk kin iya su."

Hawayen da ta riƙe tun azahar suka zubo, amma ba na tausayi ba ne.

"Kai ma?"

"Raliya…"

"A'a, bari in gama. Shi ya gudu don yana jin kunyarta. Kai za ka gudu don kana son ta. Ni da ita duk ɗaya ne wajenmu, Malami, wayewar gari za mu yi mu ga ba kowa. Kana zaton in ka janye za su bar ni? Jumma'a Baffa zai ce in koma. In na koma, ka taɓa ganin gidan da Sharhabilu zai bari a rera wa ɗiyatai waƙar wanke hannu gaban baƙinshi? Ɗaki zai kulle ta."

"To ya kike so in yi? Ni ba kowa ba ne. Ko zaure ba a bari in shiga."

"Kana wajen ka yi abin da na ciki sunka kasa! Ni ban ce ka zama kowa ba. Cewa na yi ka tsaya."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Kin san abin da za a riƙa ce maki har ki mutu? Matar makaɗi."

"An ce mani uwar mahaukaciya shekara huɗu, ban mutu ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce riƙon ɗiya ba a ƙwace shi a zaure don wani ya zo da mota, magana ce ta alƙali. Gobe in Allah ya kai mu zan tahi kotu Mafara. Alƙali ya tambaye shi shekarunta, in ji ko zai ce biyar da wani abu."

Malami ya yi 'yar dariya cikin hawaye. "Wallahi ke…"

Bai ƙarasa ba. Daga ƙofar gida aka ji an rufe murfin mota, sannan na biyu. Inji ya tashi. Wannan karon ba hon.

Raliya ta zabura. Ta zagayo masallacin da gudu, takalminta ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi.

Motar ta riga ta kai kwanar mai shayi. Ta gilashin baya ta hango ɗankwalin Goggo Baturiya, da wasu ƙananan ƙafafu biyu suna harbin iska.

"Amira!"

Baffa na tsaye a bakin zaure, carbi a hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baffa, kai ka ce Jumma'a!"

"Ubanta ne," ya ce a sanyaye. "Goggonki ta ce gara a yi ta a gama tun tana barci. Wata uku ne kawai, Raliya. In ta samu sauƙi…"

"Ka ji ta da kunnenka. Yanzun nan, kan dardumarka, ka ji ta."

Baffa ya ci gaba da jan carbinsa.

Mashin ya tsaya a gefenta, Malami ya riga ya kwance buhun gangar ya rataya a ƙirji don ya ba ta wuri.

"An yi ruwa jiya," ya ce da sauri. "Hanyar Birnin Tudu ta jiƙe, motarshi ba ta gudu cikin caɓi. Ta gonaki za mu yanke, mu riga shi kwalbati."

Maƙwabta sun fara fitowa. Mata na leƙe ta saman katanga, masu alwalar la'asar sun tsaya da butoci a hannu.

"Raliya!" Muryar Baffa ta dawo da ƙarfinta da ya ga idon jama'a. "Ba muharraminki ba ne! In kika hau bayan makaɗin nan gaban mutane, kada ki sake tako mani gida. Na rantse!"

Ta juyo ta dube shi. Mutumin da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, wanda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli fuskarsa ba. Yau ta kalla, ta ga tsoho ne kawai mai tsoron abin da za a faɗa a masallaci.

Ta cire ɗayan takalmin ta ajiye masa a bakin zaure, ta tattare zanenta ta hau.

"Ja mu tahi," ta ce.